Abin da Rifkatu Ta Gani a Fadama

Jama'ar wannan shafi, barkanmu da Ista. Yau ba abin dariya na kawo muku ba. Duk lokacin da na tuna labarin nan sai raina ya ɓaci, don haka ku yi haƙuri da ni idan kun ji zafi a maganata.

Akwai wata mata mai suna Rifkatu a wani ƙauye da ake kira Gidan Bawa, tsakanin Makarfi da Ikara. Mijinta ya rasu shekara tara da suka wuce, ya bar mata 'ya'ya huɗu da ɗan fegin albasa a fadama. Ita ce shugabar zumuntar mata a cocinsu, kuma kowa ya san ta da kaifin baki. Idan ka yi ba daidai ba, a gabanka za ta faɗa, ko a tsakiyar kasuwa ne.

Kiristocin garin ba su da yawa, gidajensu ba su wuce talatin ba. Hausawa ne tun kakanni, rijiyarsu ɗaya da maƙwabtansu Musulmi, fadamarsu ɗaya.

Babba a cikinsu shi ne Dattijo Barnaba. Manomin rake ne mai ƙarfi, shi ya sa wa coci kwano, shi ya gina ɗakin da Fasto yake kwana. Saboda haka ba a yi masa musu. Idan ya yi magana a taron dattawa an gama, Fasto ma sai dai ya ce, "Haka ne, Baba."

A bayan gari kuma akwai rugar wani Bafulatani mai suna Bobbo. Shekara goma sha biyu ke nan yana zaune a wurin. Matarsa Hajo ƙawar Rifkatu ce ta gaske. Ranar da aka binne mijin Rifkatu, Hajo ce ta wuni tana yi mata wanke-wanke. Adda take ce mata, wato yaya.

Ranar Larabar makon Ista, rabin gari ya tafi kasuwar Makarfi. Rana ta take, iska mai zafi tana kaɗawa daga yamma. Rifkatu tana tsugune tana cirar albasa, sai ta hango Dattijo Barnaba a gonarsa da ya gama sarewa, yana tara busasshen ganyen rake.

Ta ɗaga murya ta ce, "Baba, sannu da aiki! Ba dai wuta za ka sa ba a iskar nan?"

Ko juyowa bai yi ba. Ya ce, "Tun ba a haife ki ba nake ƙona gona. Ki ji da albasarki."

Ya ƙyasta ashana.

A daidai lokacin Hajo ta biyo hanya da ƙwaryar nono a ka. Ta gaida Rifkatu, ta dubi hayaƙin ta ce, "Adda, wutar can fa ba ta yi mini ba." Ta wuce cikin gari.

Kafin a ce wani abu iska ta ɗauki wutar ta tsallaka da ita gonar da ke maƙwabtaka. Gonar Alhaji Muktar ce, rake tsaye ya fi tsawon mutum, wanda ya bari don ya yi mazarƙwaila. Barnaba ya karyo reshe yana duka, wuta ta lashe masa hannun dama daga wuyan hannu zuwa gwiwa. Da ya ga abin ya fi ƙarfinsa, sai ya jefar da reshen, ya hau babur ɗinsa ya gudu.

Rifkatu ta ruga gari tana ihu. Kafin mutane su iso da bokitai, aikin shekara guda ya zama toka.

Alhaji Muktar ya dawo daga kasuwa ya tsaya a bakin gonarsa. Ya ce, "Wa ya yi mini wannan? Wa?"

Ku ji mugunta. Sai ga Barnaba ya dawo cikin wata riga mai dogon hannu, yana salallami kamar yanzu ya ji labari. Ya ja Alhaji gefe ya ce, "Ni dai ba na son tashin hankali, amma ɗazu na ga Bobbo ya fito daga gonarka yana sauri. Ni ma wutar ta shiga tawa."

Dama makon da ya wuce shanun Bobbo sun ci gefen raken, har shi da Alhaji suka yi cacar baki a gaban mutane. Ba wanda ya tsaya tambaya. Matasa suka tarar da Bobbo a bakin rafi yana shayar da shanu, suka rufe shi da duka har suka karya masa hannu. Aka jefa shi a bayan mota aka kai shi ofishin 'yan sanda, aka kulle.

Rifkatu tana gida tana shan ruwa labari ya iske ta. Kofin ya suɓuce daga hannunta.

Washegari da safe ta yi sallama a gidan Barnaba. Ta durƙusa ta gaishe shi kamar yadda aka saba, sannan ta miƙe tsaye.

Ta ce, "Baba, da idona na gan ka. Na ma yi maka magana. Yaya za ka ɗora wa bawan Allah abin da bai ji ba bai gani ba?"

Ya ce, "Rage murya."

"Ba zan rage ba! An karya mutum!"

Ya kalle ta sama da ƙasa. Ya ce, "Ke mace ce, ba ki san yadda duniya take ba. Gida nawa ne mu a garin nan? Idan aka ji Kirista ne ya ƙona gonar Alhaji, kina tsammanin a kaina za a tsaya? Cocin nan za a fara cinna wa wuta, sai gidajenmu. 'Ya'yanki huɗu suna ciki. Shi Bafulatani gobe ya kaɗa shanunsa ya yi gaba. Mu ina za mu?"

Ta ce, "To sai mu zauna a kan ƙarya?"

Ya ce, "Sai mu zauna da rai. Idan kika buɗe baki aka zubar da jini, a wuyanki yake. Fita ki ba ni wuri."

Ta fito tana huci, amma maganar ta shige ta. Ta tuna labaran garuruwan da ƙaramar magana ta zama babban tashin hankali. Da ta isa gida ta dubi autarta tana wasa a tsakar gida, sai tsoro ya kama ta.

Ranar Juma'a da la'asar, Dagaci ya tara mutane a ƙofar gidansa don ya ji bahasi. Hajo ta zo ba ko takalmi, idanunta sun kumbura. Ta zube a gabansa.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, mijina yana rafi lokacin da wutar ta tashi. Daga gonar Dattijo hayaƙin ya fara. Na gani."

Wani daga cikin matasa ya ce, "Matar mai laifi za ta zama shaida?"

Hajo ta ce, "To a tambayi Adda Rifkatu! Tana wurin, mun ma gaisa. Ba ta taɓa yin ƙarya ba, kowa ya sani."

Duk idanu suka koma kan Rifkatu. Dagaci ya ce, "Rifkatu, me kika gani?"

Ta dubi Barnaba, ya kafe ta da ido. Ta dubi matasan da suka tsaya da sanduna.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, kaina yana ƙasa ina cirar albasa. Hayaƙi kawai na gani."

"Ba ki ga wanda ya sa ba?"

"Ban gani ba."

Hajo ba ta yi kuka ba. Ta dai tsura mata ido, kallon da Rifkatu ta ce har ta mutu ba za ta manta da shi ba.

Dagaci ya yanke cewa a bar maganar Bobbo a hannun hukuma, iyalinsa kuma su tashi daga ƙasar garin kafin mako ya zagayo.

Jama'a, ku lura da ranar. Juma'ar da muke tunawa da mutuwar Ubangijinmu ce. Da safe Rifkatu ta jagoranci mata suna waƙa a kan marar laifin da aka yi wa shaidar zur. Da la'asar ita da kanta ta taya a yi wa wani.

Ranar Asabar ta kasa zaune ta kasa tsaye. Ta tuƙa tuwo ta zuba a kwano, ta nufi ruga. Ta tarar da Hajo tana kwance bukka, tana ɗaure ƙoren nono cikin raga.

Ta ce, "Hajo, na kawo wa yara abinci."

Hajo ta karɓi kwanon ta kife shi a ƙasa.

Ta ce, "Tuwo? Tuwo na ce ki ba ni? Kalma ɗaya na roƙe ki! Jiya na je na gan shi. Hannun ya kumbura kamar turmi, ba wanda ya ɗora masa. Yana tambayata, Adda Rifkatu ba ta yi magana ba? Me zan ce masa?"

"Hajo, tsoro na ji. Yarana..."

"Ni 'yan kare na haifa? Shekara goma sha biyu ina jin ku kuna kiɗa kuna waƙa, kuna cewa Ubangijinku ya ci nasara a kan mutuwa. Ashe baki ne kawai. Mutum ɗaya ya harare ki kin haɗiye harshenki. Gobe sallarku ce ko? Ki ɗaura sabon zani ki je ki yi rawa. Amma kada ki ƙara kirana ƙanwarki."

Rifkatu ta dawo gida ba ta san inda take taka ƙafa ba. Haushin Barnaba take ji, amma haushin kanta ya fi.

Ranar Lahadi coci ya cika har waje. Mata sun sha anko, an jera tulu da kacau-kacau na kiɗa. Fasto ya ce, "Almasihu ya tashi!" Jama'a suka amsa da ƙarfi. Rifkatu ta buɗe baki, murya ta ƙi fita.

Fasto matashi ne, bai fi shekara biyu da zuwa garin ba, kuma bai san komai a kan wutar ba. Ya yi wa'azi a kan safiyar tashin. Ya ce manyan gari sun rufe kabarin da dutse, sun sa masu gadi, kuma da abin ya faru suka shirya ƙaryar da za a yaɗa. Ya ce almajiran maza suna ɓoye a ɗaki sun kulle ƙofa don tsoro, har da wanda ya yi musun sanin Almasihu. Mata ne suka fara gani, matan da ko kotu ba ta karɓar maganarsu a wancan zamani, kuma su aka fara aika su je su faɗa.

Ya ce, "Shaida ba gwanin magana ba ne. Shaida shi ne wanda ya gani, ya kuma ƙi cewa bai gani ba."

Rifkatu ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi.

Bayan wa'azi Barnaba ya tashi yin sanarwa, cikin farar babbar riga. Ya ce, "Gobe Litinin za mu fita bishara ƙauyukan Paki. Kowa ya fito. Mu shaidu ne! Kada mu ji kunyar gaskiya, kada mu ji tsoron mutum!"

Aka tafa masa. Wallahi aka tafa masa.

Da aka zo lokacin ba da shaida, inda kowa yake tashi ya faɗi alherin da Allah ya yi masa, Rifkatu ce ta fara miƙewa. Mata suka yi guɗa, suna tsammanin waƙa za ta ja.

Ta ce, "Ku dakata da guɗar. Ni ba alheri na zo faɗa ba, zunubi na zo faɗa. Ranar Juma'a na yi ƙarya a gaban Dagaci. Na ce ban ga wanda ya sa wuta a fadama ba. Na gani. Baba Barnaba ne. Na hana shi, ya ce in ji da albasata. Bobbo bai taɓa gonar Alhaji ba."

Coci ya kaure da hayaniya.

Barnaba ya daka tsawa, "Ku zaunar da matar nan! Ta haukace! Tun da mijinta ya mutu kanta ba daidai yake ba!"

Wani dattijo ya ce, "Maman yara, ko da gaskiya ne, yau ce ranar faɗa? A gaban baƙi? Ki rufa mana asiri mana!"

Ta juya kansa. Ta ce, "Asirin wa? Yanzu muka gama cewa ya tashi. Da wane baki muka faɗa? Idan har ya tashi, to yana raye, yana kallonmu, ya kuma san akwai mutum a kulle da karyayyen hannu saboda mu. Idan kuma kuna ganin bai tashi ba, ku faɗa, mu kwashe kujeru mu koma gida, mu daina wahalar da kanmu. Gobe za mu je Paki mu ce musu me? Su yarda da abin da ba mu gani da ido ba, alhali wanda muka gani da ido mun binne shi?"

Wata mata ta ja zaninta tana kuka, ta ce, "Mama, za su ƙone mu."

Rifkatu ta ce, "Ni ma abin da na ji tsoro ke nan, kwana huɗu. Ba na cewa ba zai faru ba. Amma na binne mijina a bayan cocin nan ina waƙar cewa kabari ba shi ne ƙarshe ba. Ko dai na yarda da abin da na rera, ko kuma ƙarya na yi a kan gawarsa. Ni na tafi gidan Dagaci."

Maza biyu suka tsaya a bakin ƙofa suka tare ta.

Fasto ya sauko daga kan bagadi. Ya tsaya gaban Barnaba ya ce, "Baba, gaskiya ne?"

Barnaba ya ce, "Kai yaro, ka san a ɗakin wa kake kwana?"

Fasto ya ce, "Na sani, Baba. Yau zan kwashe kayana." Ya juya ga masu tsaron ƙofa ya ce, "Ku ba ta hanya. Tare za mu tafi."

A cikin mutum sama da ɗari, bakwai ne suka bi su. Bakwai!

Dagaci ya aika aka kira Alhaji Muktar da Limamin gari da Barnaba. Kafin azahar ƙofar gidan ta cika. Rifkatu ta durƙusa ta faɗi komai, ta fara da ƙaryar da ta yi.

Dagaci ya haɗe fuska. Ya ce, "Shekaranjiya kin ce ba ki gani ba, yau kin ce kin gani. Wacce zan ɗauka?"

Barnaba ya yi karaf ya ce, "Ranka ya daɗe, ka ji da kunnenka. Maƙaryaciya ce da bakinta. Ni da na yi shekara arba'in ba a taɓa kai ni ƙara ba, za a haɗa ni da ita?"

Rifkatu ta ce, "Ranka ya daɗe, kada ka yarda da ni. Ka ce ya naɗe hannun rigarsa na dama."

Barnaba ya ce ba zai tuɓe a gaban mata ba. Dagaci ya ce, "Hannu aka ce, ba wando ba. Naɗe."

Ya naɗe. Ga ƙuna ɗanya tun daga wuyan hannu har gwiwa, an shafa mata magani an rufe da tsumma. Mutumin da ya nuna kamar sai bayan wuta ta mutu ya ji labari.

Ya sulale ya zauna a ƙasa da farar rigarsa.

Alhaji Muktar ya miƙe, idanunsa sun yi ja. Ya ce, "Barnaba! Tare muka yi kiwon awaki muna yara! Da ka zo ka ce mini, Muktar, wuta ta kuɓuce mini, me zan yi maka? Zan kashe ka ne? Ka bar ni na sa aka karya mutum! Ka sa na ɗauki haƙƙin da ban san yadda zan sauke ba!"

Nan fa matasa suka fara guna-guni. Wani ya ce, "Ai dama haka suke! Mu je cocin!" Wasu suka fara juyawa.

Alhaji ya sha gabansu. Ya ce, "Gonar wa aka ƙona, taku ko tawa? Ranar Laraba kun doki mutum ba bincike, yau kuma za ku ƙara? Wa ya fito da gaskiyar nan? A cikinku akwai wanda ya fito da ita? Matar nan ce, a kan dattijon cocinsu, ta san abin da zai iya biyo baya. Duk wanda ya taɓa ko da tagar cocin nan, ni zan kai sunansa da kaina."

Liman ya ce, "Laifin mai laifi ne shi kaɗai. Ku da kuka ɗaga sanda a kan Bobbo, ku fara neman gafararsa kafin ku nemi wani."

Suka watse ɗaya bayan ɗaya. Ba a jefa ko tsakuwa ba.

Ranar Litinin aka saki Bobbo, aka rufe Barnaba a madadinsa. Ba a je Paki ba. Daga baya manya suka shiga tsakani aka sasanta. Barnaba ya bar wa Alhaji fadamarsa ya noma shekara biyu, ya ɗauki nauyin jinyar Bobbo. Majalisar coci ta sauke shi daga dattijo, aka sa shi ƙarƙashin horo, ya koma zama a bencin baya kusa da ƙofa. Dagaci ya janye maganar tashin ruga.

Kada ku ɗauka an yi wa Rifkatu kalangu. Mata da yawa sun daina gaishe ta. An ce ta tozarta ikilisiya, an ce neman suna take yi. Da aka zo zaɓen zumuntar mata, aka kayar da ita. Wannan ma yana cikin abin da yake ƙona mini rai.

Hannun Bobbo kuwa an makara. Kwana biyar ba ɗori, ƙashin ya kama a karkace. Likita a Zariya ya yi iya ƙoƙarinsa, amma yatsu uku ba su ƙara lanƙwasuwa ba.

Da aka sallamo shi, Rifkatu ta je gaishe shi. Hajo tana bakin bukka, ta amsa sallamar a daƙile.

Ta ce, "Kin faɗa, na ji. Amma da ranar Laraba kika faɗa, da hannunsa yana nan."

Rifkatu ta ce, "Gaskiyarki. Ba ni da abin kare kaina. Ki yafe mini in kin iya."

Bobbo ya ce wa matarsa, "Bar ta ta zauna." Ya dubi Rifkatu ya ce, "Adda, abu ɗaya nake son in sani. Kin riga kin tsira, ba mai tuhumarki. Me ya mayar da ke?"

Ta ce, "Bobbo, ni ba mai ilimi ba ce. Abin da na gaskata shi ne an kashe Yesu a kan ƙarya, an rufe shi da dutse, rana ta uku ya tashi. In haka ne, ba ƙaryar da za ta dawwama, kuma ba abin da mutum zai yi mini da zai zama ƙarshena. Sannan wanda ya yi musunsa don tsoro, da ya tashi bai kore shi ba, ya sake ba shi aiki. Da ban san wannan ba, da kunya ta hana ni komawa."

Bobbo ya ce, "Addininmu ba ɗaya ba ne, kin sani. Amma na ga naki ya yi aiki. Allah ya saka miki."

Barnaba ya yi wata biyu ba ya fita sai coci. Yana shiga a makare, yana fita kafin a tashi. Mutane suka ce girman kai ne yake cin sa, wasu suka ce ƙaura zai yi.

Da ruwan farko ya sauka, kowa ya fita huɗa. Bobbo yana da 'yar gonar masara a gefen ruga, amma hannun ba ya riƙe garma. Yana zaune a gindin bishiya yana kallon ciyawa tana cin gonar, sai ga mutum ya taho da garma a kafaɗa.

Barnaba ne. Ba babur, ba babbar riga.

Ya tsaya daga nesa ya yi sallama. Ya ce, "Bobbo, ba ni da bakin da zan roƙe ka. Na cuce ka, na sani. Ka bar ni in yi maka huɗar nan."

Hajo ta fito da muciya a hannu. Ta ce, "Ka zo ka ƙarasa shi ne? Bar mana gida!"

Bobbo ya ɗaga mata lafiyayyen hannunsa. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Ya nuna gonar da haɓa.

Tsohon da ya yi shekara ashirin sai dai ya tsaya a inuwa yana ba 'yan ƙwadago umarni, ya duƙa ya kama huɗa. Masu wucewa suka tsaya suna kallo, wasu suna dariya. Bai ɗaga kai ba. Zuwa hantsi ya yi kunya shida, gumi ya jiƙa shi sharkaf, tafin hannunsa ya yi bororo.

Bobbo ya tashi ya zagaya gonar a hankali. Ya tsaya a kan ta huɗu.

Ya ce, "Barnaba, wannan kunyar ta karkace."

Barnaba ya duba. Ya ce, "Haka ne."

Ya baje ta, ya sake daga farko.

Darasi: Cewa "ya tashi" ranar Lahadi ba wuya, kowa yana iyawa. Shaidar tashin Almasihu ita ce ka faɗi gaskiyar da ka gani ko da a kan naka ce, ko da wanda za ta ceta ba addininku ɗaya ba, kuma ka faɗe ta da wuri, domin kowace rana ta shirunka wani ne yake biyan ta da jikinsa. Idan tsoro ko girman kai ya riga ya kayar da kai, kada ka kwanta a wurin, wanda ya tashi yana tayar da mai tuba. Ka tura wa 'yan'uwa wannan labari, musamman wanda ka san ya ga wani abu ya yi shiru.